Nana Asma'u, Uwar 'Yan Taru

Idan mutum ya tashi daga Faskari, ko Ƙanƙara, ko Sabuwa, ya kama hanyar Gusau, ya wuce Talata Mafara, zai isa birnin Sakkwato. A can akwai wani gida mai alfarma da a ke kira Hubbare, inda aka binne Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Kusa da kabarinsa akwai na wata 'yarsa, wadda har yanzu mata su kan zo daga nesa su ziyarta. Sunanta Nana Asma'u.

An haife ta a Ɗegel cikin shekarar 1793. Tagwaye ne, ita da ɗan'uwanta Hassan, sunan mahaifiyarsu kuwa Maimuna. Gidan da ta tashi gidan karatu ne, maza da mata kowa da allonsa. Shehu ya kan yi faɗa ƙwarai da malaman da ke koyar da almajirai a waje, su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin duhun jahilci.

Cikin shekarar 1804, tana da shekara goma sha ɗaya, jama'ar Shehu suka yi hijira zuwa Gudu. Aka shiga yaƙi, aka sha yunwa da doguwar tafiya. Duk da haka Asma'u ba ta ajiye allo ba. Ta haddace Alƙur'ani, ta iya Larabci, da Fulatanci, da Hausa, da Azbinanci. Da ta isa aure aka ba da ita ga Giɗaɗo ɗan Laima, wanda ya zama Wazirin Sakkwato. Wanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kan girmama ta saboda zurfin ilminta.

Sa'ad da ƙasa ta lafa, sai Nana ta dubi halin matan ƙauye, abin ya dame ta. Da yawansu ba su iya ko alwala daidai ba, kuma ba mai koya musu. Matan aure ba su da damar barin gida da goyo su tafi neman karatu. To, yaya za a yi?

Sai ta yi dabara. Ta zaɓi dattijai mata masu hankali da amana daga ƙauyuka, ta karantar da su, ta naɗa kowace shugaba a garinsu. Irin wannan shugaba ita a ke kira jaji. Nana ta kan ba ta malfa da jan rawani, don kowa ya gan ta a hanya ya san ko wace ce, ya girmama ta. Jaji ta kan tattaro tsofaffi da 'yan mata, su taka da ƙafa, ta daji da rafi, har gidan Nana. Su ne a ke kira 'Yan Taru. Su kan zo da sadakar hatsi, da zuma, da man shanu, Nana kuwa ta raba wa mabukata.

Da ya ke yawancin matan ba su iya karatu ba, sai ta tsara musu darussa cikin waƙoƙi masu sauƙin riƙewa. Su kan haddace, su koma gida, su koya wa matan da ba su sami zuwa ba. Ta haka mace tana daka ko tana kaɗi, tana koyon salla da azumi, da faɗin gaskiya, da jinyar marasa lafiya. Rubuce-rubucen Nana da suka iso gare mu sun kai wajen sittin.

Ta rasu cikin shekarar 1864, sa'an nan ƙanwarta Maryam ta ci gaba da aikin. Yau akwai makarantu da yawa masu ɗauke da sunanta.

Yara, wataƙila za ku ji wani ya ce karatun 'ya mace baƙon abu ne da Turawa suka kawo, don haka a cire yarinya daga makaranta. Ku ba shi labarin Nana cikin ladabi. Tun kafin Turawa su ci Sakkwato cikin 1903, matan ƙasar nan sun daɗe suna taka sayyada don neman ilmi.

Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilmi. Ku roƙi malaminku ya zaga da ku cikin garinku da ƙafa. Ku gai da tsofaffi, ku tambaye su gidajen da malamai mata suka karantar a dā, ku rubuta sunayensu kada a manta. Kowane gari yana da tasa Nana.