Joseph Grimaldi: Ɗan Kaman da Fentinsa Ya Ɓoye Baƙin Ciki

An haifi Joseph Grimaldi a Landan ranar 18 ga Disamba, 1778, ya kuma fara wasan barkwanci tun yana ƙarami. Shi ya yaɗa shafa farin fenti a fuska, shigar da 'yan kaman Turai suka gada.

Jama'a na dariya, gidansa na makoki. Matarsa ta farko ta rasu wajen haihuwa a 1800, ɗansa kuma giya ta lalata shi, ya mutu a 1832. Yawan tsalle-tsalle ya nakasa Grimaldi, ya rasu cikin talauci a 1837. Charles Dickens ya tace tarihinsa a 1838.

Masana na danganta tsoron wannan shiga da yadda fentin ke hana gane abin da ke zuciyar mai shi.