Michael Faraday, ɗan maƙerin da sunansa ke cikin kowace rediyo

Tarihinmu na yau ya shafi duk mai buɗe rediyo ko talabijin don gyara.

An haifi Michael Faraday ranar 22 ga Satumba 1791 kusa da Landan, ƙasar Ingila. Ubansa maƙeri ne, gidan kuma na talakawa. Bokonsa bai wuce karatu da rubutu da ɗan lissafi ba. Yana da shekara 14 aka kai shi koyon ɗinkin littattafai wurin George Riebau, inda ya yi shekara 7. Littafin da aka kawo ɗinki, sai ya karance shi tukuna.

A 1812 ya saurari laccocin masanin nan Humphry Davy, ya rubuce su, ya ɗinke, ya aika masa. A 1813 Davy ya ɗauke shi yaron ɗakin gwaji a Royal Institution.

Ranar 29 ga Agusta 1831 ya nannaɗa waya biyu a jikin zoben ƙarfe, ba su taɓa juna. Da ya haɗa ɗaya da batir, allurar awo da ke jikin ɗayar ta motsa, ta koma. Da ya cire, ta sake motsawa. Ashe wuta mai canzawa ce kaɗai ke tsallakawa. Wannan zoben shi ne kakan transfo. Shi ya sa kuran na NIGELEC, mai volt 220 da ke kai da komowa sau 50 a daƙiƙa, yake ratsa transfo, amma wutar batir ko ta sola ba ta ratsawa.

To, mu ɗauki shema, wato zanen hanyar wuta na tsohuwar rediyo, mu bi daga inda kuran ke shiga. Fizibil ne farko. Sai nannaɗi biyu masu kallon juna da layi biyu a tsakani: transfo ke nan, mai rage wutar. Sai diyod huɗu masu mai da ita hanya guda. Sai gajerun layuka biyu, wato kondansater, mai tara wuta yana daidaita ta kamar randa. A jikinsa za mu ga µF. Wannan F ɗin daga sunan Faraday aka ɗauko ta.

Mai 1000 µF da volt 16 in ya kumbura, a sa mai 1000 µF wanda volt ɗinsa bai gaza 16 ba. Kuma hattara: babban kondansater na talabijin yakan riƙe wajen volt 300 ko bayan an zare soket.

Faraday bai yarda da cinta ba. Gwadawa yake, ya rubuta abin da ya gani, har sakin layin da ya sa wa lamba a littattafan gwajinsa suka haura 16,000. Sau biyu aka yi masa tayin shugabancin ƙungiyar masana ta Royal Society, ya ƙi. Ya rasu ranar 25 ga Agusta 1867, yana da shekara 75.

Kayan da ƴan'uwa ke aikowa da guminsu suka saya. Yaranmu masu gyara, a auna da mita mataki-mataki kamar yadda shema ta nuna, kafin a kai hannu ga dalma.