Shehu Laminu: Malamin Da Jama'a Suka Bi

Duk Bahaushen da ke zaune a Hausari ko yake kasa kaya a Monday Market ya san fadar Shehun Barno, amma ba kowa ya san yadda gidan ya samo asali ba. Tushensa Shehu Muhammadu Al-Amin El-Kanemi ne, wanda aka fi sani da Shehu Laminu, Allah Ya jiƙansa.

An haife shi a ƙasar Fezzan, cikin Libiya ta yau. Mahaifinsa malami ne ɗan Kanembu, mahaifiyarsa Balarabiya. Ya yi karatu, ya yi aikin Hajji, sannan ya zauna a Ngala yana karantarwa. Ba ɗan sarauta ba ne, ɗalibai ne dukiyarsa.

A 1808 mayaƙan jihadi suka ci Birnin Gazargamu, Mai Ahmad ya fice, ya bar wa ɗansa Dunama sarauta. Da abin ya fi ƙarfin fada, sai Mai Dunama ya nemi taimakon malamin Ngala. Laminu ya fito da mutanensa, Kanembu da Larabawan Shuwa, aka ƙwato birnin. Bai tsaya ga takobi kaɗai ba, ya yi ta musayar wasiƙu da Muhammadu Bello, kowa na kawo hujjarsa daga littafi.

To, a nan darasin yake. Mai na da gadon sarauta na ɗaruruwan shekaru, amma ranar tsoro ƙofar Laminu mutane suka nufa, don shi ya tsaya musu. Ya gina Kukawa a 1814, masu ƙara da fatake suka koma can. Duk da haka bai karɓi sunan Mai ba, ya tsaya a Shehu har ya rasu a 1837. Sai a 1846, zamanin ɗansa Shehu Umar, sarautar Sefawa ta ƙare.

'Yan'uwa, mu duba ƙungiyarmu. Shugaban da ba a ganinsa ranar da gobara ta ci rumfar ɗan'uwa, ko ranar da aka tsare yaronmu, kujera kawai ya riƙe. Mu ma mabiya da namu nauyin, domin da mutanen Ngala sun noƙe, da Laminu bai kai ko'ina ba. A biya kuɗin wata, a zo taro, a faɗa wa shugaba gaskiya cikin ladabi.

Allah Ya zaunar da Barno lafiya, amin.