Rober Kok, likitan da ya rina ƙwayar tarin huka

An haifi Rober Kok ran 11 ga watan disamba 1843 a garin Klaustal, cikin ƙasar Jamus. Ubansa ma'aikacin ginar ma'adinai ne. Ya yi karatun likita, ya gama a 1866. Daga baya aka tura shi aiki wani ƙaramin gari mai suna Wolstain.

A garin nan ciwon saifa yana kashe bisashe da yawa. Kok ya riƙa ɗibar jinin waɗanda suka mutu, yana duba shi da madubin likita. Cikin jinin ya ga wasu ƴan halittu masu kamar guntayen sanda. Su ne ake ce ma bakteriya. Kowace ɗaya ɗan ɗaki guda ce tak, da ɓawo kewaye da ita. Tana ci, tana girma, ta rabe biyu, biyun su zama huɗu. A 1876 Kok ya nuna cewa su ne ke kawo ciwon saifa.

A 1880 ya koma Berlin. Can ya sa tarin huka gaba. A zamanin nan, cikin mutum 7 da suka mutu a Turai, 1 tarin huka ne ya kashe shi. Mutane da yawa suna zaton ciwon gado ne. Likitoci sun duba, ba su ga komi ba.

Mi ya hana su gani? Ƙwayar ƙarama ce ƙwarai, sai an jera ɗaruruwa kafin su cika milimita 1. Ba ta kuma da launi. Dole sai an rina ta, kamar yadda ake rina farin ƙyalle. To amma ɓawonta yana da maiƙo, rini ba ya kama shi da sauƙi.

Kok ya ɗauki wani shuɗin rini, ya ƙara masa wani magani dangin ruwan toka. Masu rini sun san wannan dabara, don su ma suna zuba toka cikin baba. Ya bar abin kwana guda cur. Sa'an nan ya zuba rini na biyu mai ruwan ƙasa. Da ya duba, naman huhu ya yi ruwan ƙasa, ƙwayoyin kuwa ga su nan shuɗɗa, sirara.

Gani kaɗai bai isa ba. Sai ya yi kiwonsu cikin ƙwalba, bisa ruwan jinin bisashe da aka daskarar. Wasu bakteriya suna rabewa cikin minti 20, amma ta tarin huka sai ta kusa kwana guda. Ya yi haƙuri wajen sati 2 kafin su tsiro. Ya sa ma ɓerayen masar su, suka kamu da ciwon. Ran 24 ga watan maris 1882 ya bayyana aikinsa gaban likitocin Berlin. Shi ya sa kowace shekara ran 24 ga maris ake tuna yaƙi da tarin huka a duniya.

Ba komi ne ya yi masa daidai ba. A 1890 ya fito da magani, ya ce zai warkar da ciwon, amma bai warkar ba, har wasu suka mutu. Duk da haka, a 1905 an ba shi kyautar Nobel. Ya rasu ran 27 ga watan mayu 1910.

Har yanzu ana rina kakin mai tari a ɗakin awo, ƙwayoyin su fito ja. In ka ga BK bisa takardar awo, harafin K ɗin farkon sunan Kok ne. Yau akwai magani, ana shan shi wata 6. Ƴan uwa, wanda ya wuce sati 2 yana tari, ya je likita a auna kakinsa. In an ba shi magani, kar ya daina sha don ya ji sauƙi. Ƙwayar nan mai taurin ɓawo ce, ba ta mutuwa da wuri.