Takaitaccen Tarihin Mai Shari'a Jane Bolin (1908–2007)

Gabatarwa

Maƙasudin wannan ɗan rubutu nawa shi ne in gabatar wa 'yan'uwa ɗalibai tarihin Jane Bolin, baƙar fata mace ta farko da ta zama alƙali a Amurka. Na zaɓe ta ne saboda shekara 40 da ta yi tana shari'ar aure da yara, da kuma gyaran da ta kawo a kotun da ta yi wa aiki.

Haihuwa da Karatu

An haife ta ranar 11 ga Afrilu, 1908, a garin Poughkeepsie na jihar New York. Mahaifinta, Gaius Bolin, lauya ne baƙar fata, mahaifiyarta kuwa Baturiya ce, wadda ta rasu Jane tana da shekara 8. Ta yi digirinta na farko a Kwalejin Wellesley, inda su biyu ne kacal baƙaƙen fata a cikin waɗanda aka ɗauka tare. Ta kammala a 1928. Mai ba ɗalibai shawara a kwalejin ta nemi ta hana ta karatun lauya don tana mace kuma baƙa. Jane ba ta ji ba. Ta shiga makarantar koyon aikin lauya ta Jami'ar Yale, ta gama a 1931, kuma ita ce baƙar mace ta farko da ta sami wannan digiri a can.

Aikinta

Ta fara aikin lauya a ofishin mahaifinta. A 1936 ta tsaya takarar majalisar dokokin jiha ta faɗi. A 1937 aka ɗauke ta cikin lauyoyin gwamnatin birnin New York. Ranar 22 ga Yuli, 1939, Magajin Garin New York, Fiorello La Guardia, ya rantsar da ita alƙali a kotun al'amuran iyali, tana da shekara 31. Wa'adin shekara 10 ne, kuma sau uku ana sabunta mata shi.

Ƙararrakin da ke zuwa gabanta su ne na matan da mazajensu ke duka, da iyayen da suka ƙi ciyar da 'ya'yansu, da yaran da aka yasar ko suka yi laifi. Ba ta sa rigar alƙalai a zaman kotu, don kada yara su tsorata su kasa magana.

A ganina, babban aikinta shi ne gyara wasu al'adu biyu da ta tarar. Na farko, jami'an da ke sa ido a kan yaran da kotu ta sassauta wa, ana raba musu aiki ne bisa launin fata. Na biyu, gidajen renon yara masu zaman kansu suna karɓar kuɗin gwamnati, amma suna ƙin karɓar yaro saboda launinsa ko asalinsa. Ita da wasu abokan aikinta suka tsaya tsayin daka har aka hana duka biyun. Kafin nan, ko da alƙali ya yi hukunci na gaskiya, baƙin yaro kan rasa gidan da zai karɓe shi.

Ritaya da Rasuwa

Ta yi ritaya a ƙarshen 1978 ba don tana so ba, sai don ta cika shekara 70 da doka ta ƙayyade. Bayan haka ta shekara biyu tana koya wa yara karatu kyauta a makarantun gwamnati. Ta rasu ranar 8 ga Janairu, 2007, tana da shekara 98.

Kammalawa

Abin da na fahimta daga tarihinta shi ne, adalci ga yaro ba ya tsayawa a ranar yanke hukunci. Dole ne alƙali ya bi sawu ya ga hannun da yaron ya faɗa da gidan da aka kai shi.