Musa bin Maimun: likitan fada da ya yaƙi asma da abinci

An haifi Musa bin Maimun, wanda Turawa ke kira Maimonides, a Ƙurɗuba ta ƙasar Andalus wajajen 1138, a gidan malaman Yahudawa. Yana yaro Muwahhidun suka ci birnin a 1148, iyalinsa suka shiga hijira. Sun zauna a Fas ta Maroko, daga bisani suka yada zango a Fusɗaɗ, kusa da Alƙahira.

Ƙanensa Dawud, mai fataucin duwatsu masu daraja, shi ke riƙe da gidan, Musa kuwa ya duƙufa ga karatu. Da jirgin Dawud ya nutse a Tekun Indiya, dukiyar gidan ta tafi tare da shi, sai Musa ya kama aikin likita don ciyar da iyali. Sunansa ya kai ga Alƙali Fadil, wazirin Salahuddin Ayyubi, daga nan ya zama likitan fada.

Aikin bai bar masa hutu ba. A wata wasiƙa ta 1199 ya bayyana yadda yake sammako zuwa fadar Alƙahira, ya dawo bayan tsakar rana da yunwa, ya tarar da zaure cike da marasa lafiya, ya yi ta duba su har dare.

A cikin wannan hidima ya rubuta maƙalarsa ta Larabci kan cutar asma, babi 13, domin wani babban mutum da ke fama da ita. Bai yi masa alkawarin waraka ba, ya fito fili cewa ba shi da maganin da zai kawar da cutar nan take. Abin da yake da shi ya bayar: a rage cin abinci, a guji cika ciki, kada a kwanta da abinci bai narke ba, a sha romon kaza, a nemi iska mai tsabta, a kauce wa ɓacin rai.

Ya rasu a Fusɗaɗ a watan Disamba na 1204, aka binne shi a Ɗabariyya.

Bayan ƙarni bakwai da rabi, aka fito da ƙaramin gwangwanin fesa maganin shaƙa a Amurka a 1956. Maganin salbutamol da ake shaƙa a yau yana buɗe hanyoyin numfashi cikin mintuna kaɗan, domin kai tsaye yake isa huhu, abin da ke ciki ba ya tare masa hanya. Ƙwayoyin haɗiya irin su theophylline kuwa, abinci na iya sauya yadda jiki ke tsotse su. Har yau likitoci na gargaɗin mai asma da ke fama da ƙwannafi kan cin abinci mai nauyi dab da barci, shawarar da likitan Fusɗaɗ ya rubuta wa majinyacinsa.