Erle Stanley Gardner: Lauyan da ya ƙirƙiri Perry Mason, ya kuma ceto fursunoni na gaske

Wata guda kacal Erle Stanley Gardner ya yi a makarantar koyon aikin lauya ta Jami'ar Valparaiso da ke jihar Indiana kafin a dakatar da shi, saboda dambe ya fi ɗaukar masa hankali a kan karatu. Bai sake komawa jami'a ba. Ya kama aikin buga takardu a ofishin lauyoyi a Kalifoniya, yana karatu da kansa, har ya ci jarrabawar zama lauya a 1911.

An haife shi ranar 17 ga Yulin 1889 a garin Malden na jihar Massachusetts a Amurka, amma a Kalifoniya ya yi suna. A garin Oxnard, mafi yawan waɗanda yake karewa talakawa ne 'yan ci-rani, Sinawa da 'yan Meziko, mutanen da ba su da kuɗi kuma ba su da uwa a gindin murhu. Labarin da aka fi tunawa na wannan lokacin shi ne yadda ya sa wasu 'yan kasuwa Sinawa suka yi musayar shaguna kafin a zo kamensu kan zargin caca. Jami'an suka kwashi mutanen da ba su ake nema ba, abin da ya nuna ba su ma san fuskokin waɗanda suke tuhuma ba.

Zaman kotu yana burge shi, sai dai aikin ofis na gundurarsa, kuɗin kuma ba su taka kara sun karya ba. Don haka ya riƙa rubuta gajerun labarai da daddare yana sayar wa mujallu masu araha irin su Black Mask, wasu da sunan aro.

A 1933 ya fitar da littafin farko na Perry Mason, lauyan da ke karɓar shari'ar wanda duk hujjoji suka yi masa zobe, sannan ya tona asirin mai laifin na ainihi a gaban alƙali. Littattafan Mason sun kai 82. Gardner bai damu da adon harshe ba, masu sharhi ma sun sha caccakarsa kan haka, amma ya san dokar shaida da dabarun titsiye mai ba da shaida. Daga baya ya daina bugawa da hannunsa, sai ya riƙa faɗa a na'urar naɗar murya, sakatarorinsa suna bugawa. Tashar CBS ta mayar da labaran shirin talabijin daga 1957 zuwa 1966, Raymond Burr ya fito a matsayin Mason, shi kuwa Gardner ya fito a matsayin alƙali a kashi na ƙarshe.

Aikinsa mafi nauyi ba a cikin littafi yake ba. An kawo masa batun William Marvin Lindley, wanda aka yanke wa hukuncin kisa a Kalifoniya kan kashe wata yarinya. Gardner ya bi bayanan shari'ar dalla-dalla, ya nuna cewa lokutan da shaidu suka ambata ba su dace da tuhumar ba. Gwamna Earl Warren ya sassauta hukuncin zuwa ɗaurin rai da rai.

Wannan ya sa a 1948 ya haɗa kai da mujallar Argosy suka kafa wani kwamiti da ya kira kotun ƙarshe, wanda ya ƙunshi masu bincike, likitan gawa da ƙwararren na'urar gano ƙarya. Suna sake duba shari'ar fursunonin da suka rasa wurin ɗaukaka ƙara. Clarence Boggie, wanda ya shafe shekaru sama da goma a kurkuku a jihar Washington kan kisan kai, ya samu afuwa a wannan shekarar bayan bincikensu. Littafin da Gardner ya rubuta kan aikin a 1952 ya ci kyautar Edgar.

Ya rasu ranar 11 ga Maris 1970 a gonarsa da ke Temecula, yana da shekara 80.